Yadda Ake Zaɓen Kamfanin da Zai Riƙa Bi wa Asibitin Ƙashi Kuɗinsa a Amurka

Likitan ƙashi a Amurka zai iya wuni a tsaye a ɗakin tiyata, ya canza wa mutum biyu gwiwa, ya ɗora karaya uku, ya koma gida ƙafafunsa na zogi, amma ko sisin kwabo ba zai shiga asusun asibiti ba sai wani ya zauna ya mayar da aikin nan lambobi, ya tura wa kamfanin inshora, ya kuma bi sawu har a biya. Wanda ya saba da tsarin gida, inda ake zuwa wurin kashiya a biya a karɓi rasit kafin a ga likita, sai ya shigo aikin nan zai gane cewa rabin rayuwar asibiti a kan takarda take. Na daɗe ina riƙe da ofishin wani ƙaramin asibitin ƙashi mai likitoci uku, kuma sau biyu na zauna zaɓen kamfanin da za mu miƙa wa wannan aiki. A karon farko mun sha wuya. A na biyu muka bi matakan da zan shimfiɗa a nan.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga farko. Kamfanin yana aiki ne a madadinka, amma a kan kowace takardar neman biya lambar likitanka ce, wato NPI mai alƙaluma 10. Idan an yi kuskure, ko an yi ƙari a lissafi, ƙofar asibiti gwamnati za ta fara ƙwanƙwasawa. Dokar hukunta masu neman kuɗin gwamnati da ƙarya tana nan tun 1863, kuma tun 2010 doka ta wajabta mayar wa Medicare da Medicaid, wato shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati, duk rarar da aka gano sun biya cikin kwana 60. Saboda haka wakili kake nema wanda zai yi magana da sunanka, ba mai buga takardu kawai ba.

Mataki na farko: ka san halin da gidanka yake ciki

Kafin ka kira kowa, ka ciro rahoton wata 12 da suka wuce daga manhajar asibiti. Abu huɗu za ka duba. Na ɗaya, kwana nawa kuɗi ke yi a waje kafin su shigo. Lissafin ba wuya: ka raba jimillar bashin da kuke bi da matsakaicin abin da kuke caja a rana. A ce kuna bin dala 600,000, kuna cajar dala 15,000 kullum, to kwana 40 ke nan. Ni dai idan abin ya haura 45 hankalina ba ya kwanciya. Na biyu, kashi nawa na bashin ya wuce kwana 120, domin bashi in ya tsufa sai a hankali. Na uku, cikin kuɗin da yarjejeniyarku da kamfanonin inshora ta ba ku haƙƙi, nawa kuka karɓa a zahiri. Ƙasa da kashi 95 cikin ɗari alama ce ta yoyo. Na huɗu, takardu nawa aka dawo muku da su, kuma da wane dalili.

Wannan na ƙarshen ya cancanci zama na musamman. Kowace takardar da aka ƙi biya tana zuwa da lambar dalili. CO-197 na nufin ba a nemi izinin inshora kafin aiki ba. CO-29 na nufin an makara wajen turawa. CO-97 na nufin aikin yana cikin wani aikin da aka riga aka biya. CO-50 kuma inshora ce ke cewa ba ta ga larurar aikin ba. Idan yawancin matsalarku CO-197 ce, to ciwon yana teburin karɓar marasa lafiya, kuma kamfanin waje ba zai warkar da shi ba sai in ka ba shi har da aikin neman izini. Sai ka san inda ke yi maka ƙaiƙayi kafin ka nemi mai sosa maka.

Daga nan ka rubuta a takarda ɗaya abin da kake son miƙawa: sa lambobi, tura takardu, shigar da kuɗin da aka biya, ɗaukaka ƙara kan waɗanda aka ƙi, tura wa marasa lafiya bil da amsa wayarsu, tantance inshora kafin ranar zuwa, yi wa sabon likita rajista da kamfanonin inshora. Wannan takarda ita za ka aika wa kowane kamfani, don farashinsu ya zo a kan ma'auni ɗaya.

Mataki na biyu: ka tara sunaye kaɗan

Huɗu ko biyar sun isa. Mafi amfani shi ne ka tambayi manajojin wasu asibitocin ƙashi na jiharka, saboda dokokin diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki da na inshorar haɗarin mota sun bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma asibitin ƙashi ba ya rabuwa da waɗannan biyun. Ƙungiyar HBMA, ta kamfanonin wannan sana'a, ita ma wuri ce ta fara dubawa. Duk kamfanin da ba shi da asibitin ƙashi ko ɗaya a hannunsa yanzu, ka cire shi, komai kyan tallarsa.

Mataki na uku: jarrabawa da fayilolinka

Nan ne zan daɗe, domin nan ne muka faɗi a karon farko. Mun zauna da mai tallar kamfani, mutum mai fara'a da iya magana, ya nuna mana zane-zane a allon kwamfuta, muka sa hannu. Ba mu taɓa yin magana da mutum ɗaya cikin waɗanda za su taɓa takardunmu ba. Wata biyar bayan haka na zauna ina bin allurorin gwiwa ɗaya bayan ɗaya, sai na ga abin da ya tayar min da hankali. Maganin triamcinolone lambarsa J3301, kuma ana lissafa shi ne a kan kowane miligiram 10. Likitanmu miligiram 40 yake yi wa mutum, wato awo 4. Su kuwa awo 1 suke rubutawa, kowace allura, tsawon wata biyar. Na ɗauki takardar na shiga wurin babban likitanmu. Ya duba, ya cire tabarau, ya ce, "Tun yaushe?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tun ranar da suka fara." Wasu mun gyara mun sake turawa, wasu wa'adinsu ya riga ya wuce.

Saboda haka ka nemi a haɗa ka da mai sa lambobin da za a ba asibitinka, shi kansa. Ka tambayi shaidar ƙwarewarsa. Ƙungiyar AAPC tana ba da CPC ta gama-gari, tana kuma da COSC wadda ta keɓanta ga tiyatar ƙashi. AHIMA tana da CCS-P. Sannan ka ɗauki rahoton tiyata 15 ko 20 na gaske, ka goge duk abin da zai nuna ko waye mara lafiyar, ka ba su su sa lambobi. Ka haɗa da masu sarƙaƙiya. Ga irin wuraren da ake gane gwani.

Kwanakin dunƙule. Babbar tiyata, kamar canjin gwiwa mai lamba 27447 ko canjin ƙugu mai lamba 27130, kuɗinta ya haɗa da kulawar kwana 90 bayan aiki, da ma ranar jajiberi. Ƙananan ayyuka kwana 10 ne ko sifiri. A cikin kwanakin nan ba a cajar duba mara lafiya kan abin da ya shafi tiyatar. To amma rayuwa ba ta tsayawa. A ce dattijuwar da aka canza wa gwiwa ta dawo bayan sati shida kafaɗa na damunta. Wannan dubawa ta daban ce, ana cajarta, amma sai an maƙala mata lambar rakiya 24, wato ɗan ƙarin lambar da ake liƙa wa lambar aiki don bayyana yanayinsa. Idan ta zame a banɗaki ta karya wuyan hannu aka yi mata aiki, 79 ce. Idan ciwon gwiwar ne ya yi ruwa aka mayar da ita ɗakin tiyata ba shiri, 78 ce. Idan tun farko an tsara aikin zai zo hawa biyu, 58. Dubawar da aka yanke shawarar babbar tiyata a cikinta, a ranar ko ana gobe, 57 take ɗauka. Mai sa lambar da ya yi jinkiri wajen bambance waɗannan, ko dai zai bar muku kuɗi a ƙasa, ko ya jawo muku bincike.

Lambar rakiya 25 da 59. Waɗannan biyun su ne masu jawo ido. Ana sa 25 idan likita ya yi cikakkiyar dubawa ta daban a ranar da ya yi ƙaramin aiki, kamar allurar gaɓa mai lamba 20610. Ba kowace allura ce ke zuwa da dubawa ba. Mutumin da aka ce ya dawo ranar Talata don allura kawai, allurar za a caja. Kamfanin da ya ce maka "mu kullum muna sa 25, kuɗi sun fi shigowa", ka gode masa ka raka shi ƙofa. Ita kuma 59 da ita ake raba ayyukan da tsarin NCCI na gwamnati, wanda ke aiki tun 1996, ya ɗaure wuri ɗaya, kuma sai da hujja a rubuce cikin rahoton likita. Ga tambaya mai kyau: likita ya shiga gwiwa da na'urar leƙe, ya yanke yagaggen guringuntsi, lamba 29881, ya kuma kankare saman gaɓar. Za a caji kankarewar daban? Amsa ita ce a'a, tun 2012 an haɗe ta cikin lambar.

Karaya. Tun 1 ga Oktoba 2015 Amurka ta koma tsarin ICD-10 na lambobin cututtuka da raunuka, kuma lambar kowace karaya tana ƙarewa da harafi na bakwai mai ba da labari: A ga rufaffiyar karaya da ake kan yi wa magani, B ko C ga wadda ƙashi ya huda fata, D idan tana warkewa lafiya, G idan tana jan ƙafa, K idan ta ƙi haɗewa, P idan ta haɗe a karkace, S ga larurar da ta bari. Dole kuma a nuna dama ko hagu. Ka ba su karayar wuyan hannu, ka ga ko sun san bambancin 25600, wadda ba a ja ƙashi ba, da 25605 wadda aka ja aka daidaita, kuma ko sun san cewa filastar farko tana cikin kuɗin, ta canji ce ake caja.

Sai ƙananan abubuwa masu tara kuɗi. Aiki a gaɓoɓi biyu, dama da hagu, a zama ɗaya, Medicare kan biya kashi 150 da lambar rakiya 50. Likitan da ya taimaka a tiyata kashi 16 yake samu. Maɗaurin gwiwa da na baya suna da lambobinsu masu farawa da L, kuma Medicare ba ta biyansu sai asibiti ya yi rajista ta daban a matsayin mai ba da kayan jinya. Tun Yuli 2023, maganin da ke zuwa a kwalbar amfani sau ɗaya sai an nuna JW idan an zubar da saura, ko JZ idan ba a zubar ba. Ka kuma tambaye su ko sun saba da aikin cibiyoyin tiyatar sha-yanzu, inda ake sallamar mutum a ranar, domin Medicare ta cire canjin gwiwa daga jerin ayyukan da sai an kwantar a 2018, ta cire na ƙugu a 2020, kuma aikin ƙashi da yawa can ya koma.

Sakamakon jarrabawar kada ka duba shi kai kaɗai. Ka biya wani mai sa lambobi mai zaman kansa ya gwada amsoshin. Kuɗin kaɗan ne idan aka kwatanta da wata biyar na awo 1.

Mataki na huɗu: farashi, da inda kuɗi za su sauka

Yawancin kamfanoni kaso suke ɗauka daga abin da aka karɓo, galibi tsakanin kashi 4 zuwa 8 cikin ɗari. Wasu suna caja a kan kowace takarda, wasu kuɗi tsayayye a wata. Kada araha ta ruɗe ka. A ce haƙƙinku a wata dala 100,000 ne. Kamfani mai kashi 4 ya karɓo 90,000, kun tashi da 86,400. Mai kashi 7 ya karɓo 97,000, kun tashi da 90,210. Mai tsadar ya fi sauƙi.

Ka tambaya dalla-dalla: kason daga me ake cire shi? Kuɗin da ma'aikaciyarka ta karɓa da hannunta a tebur, su ma za a ci kaso a kansu? Akwai kuɗin fara aiki, kuɗin tura wasiƙu, mafi ƙarancin caji a wata? Sannan ka lura da illar tsarin kaso: takardar dala 60 da aka ƙi biya, ribar kamfani a kanta ba ta kai dala 5 ba, don haka ita ce ta farko da za a watsar. A asibitin ƙashi kuwa irin waɗannan ƙananan, hoton ƙashi da allura da dubawa, su ne masu yawa. Ka sa a rubuta cewa ba za a yafe ko a share wani bashi ba sai da sa hannunka.

Kuɗi kuma asusun asibiti za su faɗa, mai sunan asibiti, wanda ku kaɗai ke da ikon cirewa. Kamfani ya riƙa ganin bayanin biya, ya turo muku nasa bil a ƙarshen wata. Wannan ba son zuciyata ba ne kawai: ƙa'idar Medicare ba ta yarda a biya wakili kai tsaye ba idan ladansa ya ta'allaƙa da yawan abin da ya karɓo. Wasu jihohi, irin su New York, suna da tsauri a kan biyan kaso saboda dokar hana raba kuɗin likita da wanda ba likita ba. Lauyan da ya san dokar lafiya ta jiharka ya duba wannan kafin ka ci gaba.

Mataki na biyar: amanar sirrin marasa lafiya

Dokar HIPAA ta 1996 ta wajabta yarjejeniya a rubuce tsakaninku da duk wanda zai taɓa bayanan marasa lafiya, kuma tun 2013 irin waɗannan kamfanoni suna ɗaukar hukunci da kansu. Kada fayil ko ɗaya mai suna ya fita kafin a sa hannu. Doka ta ba su har kwana 60 su sanar da ku idan an yi kutse. Ku nemi a rubuta kwanaki kaɗan, biyar ko ƙasa. Ka tambaya a ina ma'aikatansu suke zaune. Da yawa suna da ofisoshi a Indiya ko Filifin, kuma akwai ƙwararru a can, amma wasu yarjejeniyoyin Medicaid na jihohi sun hana fitar da bayanai ƙasar waje, kuma haƙƙinka ne ka sani. Ka tambaya ko suna duba sunayen ma'aikatansu a jerin waɗanda ofishin babban sufeton ma'aikatar lafiya ya haramta wa mu'amala da shirye-shiryen gwamnati, da kuma ko suna da inshorar kuskuren aiki da ta kutsen intanet. Ka nemi ganin takardun da idonka.

Akwai tambayar da kafin 2024 ba ta zo min a rai ba. A ranar 21 ga Fabrairu na shekarar aka yi wa Change Healthcare kutse, kamfanin da takardun asibitoci masu ɗimbin yawa ke ratsawa ta cikinsa kafin su isa inshora. Makonni takardu suka tsaya cak, ƙananan asibitoci suka rasa na albashi, bayanan mutum sama da miliyan 190 suka fita. Don haka ka tambaye su: ta wace mashiga kuke tura takardu, kuma in ta toshe, kwana nawa za ku ɗauka ku koma wata? Wanda ya ratsa wancan lokaci zai ba ka amsa da kwanan wata.

Mataki na shida: ka kira waɗanda suka yi aiki da su

Ka nemi lambar asibitocin ƙashi uku masu girmanku, da ɗaya da ya bar su. Manaja za ka nema, ba likita ba, domin shi ke ganin rahoto. Tambayoyi uku nake yi: mutum nawa aka canza muku a kan fayilolinku cikin shekara, in kun aika saƙo yaushe ake amsawa, kuma me kuka gano da kanku wanda ba su faɗa muku ba.

Mataki na bakwai: yarjejeniya, musamman ƙofar fita

Mutane kan karanta shafin farashi su tsallake na rabuwa, alhali nan ne ake kuka. Ka nemi shekara ɗaya, da damar fita bayan sanarwar kwana 60 ko 90 ba tare da tara ba. Ka kula da sharaɗin sabuntawa kai tsaye. A rubuta ƙarara cewa bayanan naku ne, za a miƙa muku su cikin kwanaki sanannu, a tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa. Mafi alheri ma su yi aiki a cikin manhajarku, da sunan shiga da ku kuka ba su, ta yadda ranar rabuwa rufe ƙofa kawai za ku yi. A karon farko mu a manhajarsu muke, kuma sai da muka yi wata biyu muna roƙon abin da yake namu.

Alkawuran baki su koma alƙaluma: a tura takarda cikin kwana 2 na aiki bayan likita ya rufe rahoto, a taɓa duk wadda aka ƙi cikin mako guda, rahoto kowane wata, damar ku kawo mai bincike na waje sau ɗaya ko biyu a shekara. Medicare tana karɓar takarda har wata 12 daga ranar aiki, ɗaukaka ƙarar farko kuma kwana 120, amma wasu kamfanonin inshora kwana 90 kacal suke bayarwa. A rubuta cewa kuɗin da ya salwanta saboda makararsu, su za su biya. A kuma fayyace wa zai bi tsohon bashi, tsohon kamfani ko sabo, kuma a kan wane kaso.

Mataki na takwas: wata ukun farko

Kada ka sauya a watan da tiyata ta fi yawa. A wurinmu ƙarshen shekara ne, lokacin da mutane ke rububin aiki kafin kason da suke biya daga aljihu ya koma sabo a Janairu. Ka tanadi kuɗin albashin wata biyu a gefe, domin sauya rajistar tura takardu da karɓar bayanin biya a wurin kowace inshora yana ɗaukar makonni, kuma kuɗi kan ja baya kafin su daidaita. Ka naɗa mutum ɗaya a ofis ya zama mahaɗa. Ku riƙa zama da kamfanin kowane mako, a wata na huɗu ku koma wata-wata.

Ni har yau, kowace Juma'a da safe, nakan ɗauki jerin tiyatar makon da ya wuce daga littafin ɗakin tiyata, in jera shi da jerin takardun da aka tura, in tabbatar kowane aiki yana da takardarsa. Sannan in zaɓi goma ba tsari in buɗe su har ƙasa: lambar aiki, lambar rakiya, dama ko hagu, awon magani, da abin da inshora ta biya idan aka gwada da farashin yarjejeniyarmu. Abin da na gani in rubuta shi a saƙo ɗaya, in tura wa mai kula da fayilolinmu kafin azahar, amsa kuma ina jiranta ranar Talata.